Hawan jini a Zangon Kumasi: sobolo da prekese sun isa, ko sai da ƙwayar asibiti?

Alhaji Mai Goro: Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai wata murya da ke ta yawo a wayoyi tun shekaranjiya, na san ta iso wa da yawanku. Mai maganar cewa ya yi duk mai hawan jini ya samu prekese, ɗan itacen nan mai ƙamshi da ake jefawa a miya, da tafarnuwa da sobolo, wato zoɓo, ya tafasa su tare, ya sha safe da yamma har kwana 14, daga nan ya yi sallama da ƙwayar asibiti, wai ita ce ma ke cinye ƙodar mutane, kuma wai a kan Turawa kaɗai aka gwada ta. Abin da ya tayar min da hankali, dattawan masallacinmu na Alabar har sun fara aiken yara kasuwar Kejetia sayen prekese. Masu ilimin abin a cikinmu ku fito ku yi mana bayani tun ba a yi ɓarna ba.

Mai Pragya: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni fa ban ga abin tashin hankali ba. Kakanninmu da suka taho daga Kano da Katsina fataucin goro har Salaga, wace ƙwaya suka sha? Saiwa ce da sassaƙe, kuma suka tsufa tukuf. Yanzu da ka shiga asibiti da ɗan ciwon kai sai a ɗaura maka abu a dantse a ce BP, wato hawan jini, wai ka sha magani har iya rayuwarka. Wane irin magani ne ba ya ƙarewa? Kasuwanci ne kawai.

Hajiya Mai Waakye: Kakannin naka da ƙafa suka zo Salaga, da kaya a ka. Kai kuwa daga Aboabo zuwa kasuwar Asawase sai ka tayar da keke.

Mai Pragya: Hajiya ba da ke nake ba, ki bar ni da Alhaji.

Anti Nas: Na saurari muryar har ƙarshe. Alhaji, don girman Allah ka gaya wa dattawan kada kowa ya ajiye maganinsa. Wanda yake son shan ruwan prekese ya sha, ai muna cin sa a miya, amma ƙwaya tana nan inda take.

Lamba biyu ake karantawa in an auna mutum. Ta sama ƙarfin jini ne a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Ƙasa da 120 bisa 80 shi ne lafiya lau. In aka yi ta samun 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban, to hawan jini ne. Matsalar ita ce yawancin masu shi ba sa jin komai. Ba ciwon kai, ba jiri. Na sha auna mutum ya zo rako matarsa yana ta barkwanci, injin ya nuna 190. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babba 1 cikin 3 a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba.

Ka ɗauki tiyon ruwa da aka sakar wa famfo da ƙarfi shekara da shekaru. Ba ya kuka, amma wata rana zai tsage ta wurin da ya fi rauni. A jikin mutum wurin nan ƙwaƙwalwa ce, ko ƙoda, ko ido, ko ita kanta zuciyar ta kumbura ta gaji.

Zancen cewa ƙwaya ce ke lalata ƙoda kuwa, an juya shi ne. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kai mutane wankin ƙoda. Mutum zai yi shekara 10 jininsa na sama bai sani ba, ƙodar ta riga ta jigata, sai a gano a makare a ba shi magani, ba a daɗe ba ƙodar ta tsaya, dangi su ce ai tun da ya fara shan ƙwayar nan. Ƙwayoyin da ke taɓa ƙoda da gaske su ne na ciwon jiki, diclofenac da ibuprofen, waɗanda direbobi da 'yan dako ke saye a kemis suna haɗiya kullum dare. Su ne kuma ke ƙara ɗaga jinin. Su ba wanda ya taɓa yi musu murya a waya.

Mai Pragya: Anti wannan ta ƙarshen da ni kike, na gane.

Maman Khalil: To Anti sobolon fa? Ni na ji likitoci ma suna yabon sa. Ko shi ma ƙarya ne?

Ɗan Tek: Bari in shigo nan, Anti ta sha ruwa. Zoɓo ba ƙarya ba ne. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun gwada shi a kan mutum 65 waɗanda jininsu ya ɗan hau amma ba su fara shan magani ba. Kofi 3 a rana, mako 6. Lambar sama ta sauka da kusan maki 7 ga masu shan zoɓon, waɗanda aka ba wa ruwa mai kama da shi kuwa ɗan fiye da maki 1. Maki 7 ba abin rainawa ba ne. Amma ku duba wa aka gwada: mai 135, mai 140. In jininka 175 ne ka cire 7, har yanzu kana cikin haɗari. Sannan zoɓon nasu ba sukari. Sobolon da ake ƙullawa a leda ko a zuba a gora a bakin hanya, sukarin ciki ya fi ƙarfin ganyen. Wanda ke shan gora 2 a rana da sunan magani, tumbi yake sayowa.

Prekese kuwa, akasarin abin da aka gwada a kan dabbobi ne. Tafarnuwa tana ɗan taimakawa, kaɗan. Babu ɗaya a cikinsu da ke warkar da hawan jini cikin kwana 14, don ba zazzaɓin sauro ba ne da za a kashe ƙwayar cuta a huta.

Alhaji Mai Goro: Wato ku 'yan boko kun yarda da ganye sai dai kun rage masa daraja.

Ɗan Tek: A'a Alhaji, awo muke so a yi masa. Ƙasar nan ta Gana ba ta raina ganye ba. Cibiyar binciken magungunan tsirrai tana Mampong Akuapem tun 1975, a jami'armu ta KNUST ana karantar da maganin tsirrai har digiri, wasu asibitocin gwamnati ma suna da sashensa. Su ma in ka je da hawan jini sai sun auna ka kafin da bayan. Wanda ke tsaye cikin mota da lasifika yana cewa kwalba ɗaya tana maganin BP da suga da basir da rashin haihuwa, shi bai auna kowa ba, kuma gobe ba za ka same shi ba.

Anti Nas: Ƙari ɗaya: mai juna biyu ta bar zoɓo mai kauri da sunan magani, wanda kuma yake shan ƙwayar da ke sa fitsari ya gaya wa likitansa in yana shan zoɓo kullum. In ana son maganar abin da ake yi a gida wanda ya fi kowanne tasiri, ba abin da za a ƙara ba ne, abin da za a rage ne. Gishiri.

Hajiya Mai Waakye: Na san za a zo kaina.

Anti Nas: Hajiyata ai ke ce uwar gidan nan, dole mu zo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya bai cika ba. Duka-duka fa, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Yanzu ki lissafa min faranti ɗaya na wajenki. Akwai gishiri a waken da shinkafar, akwai kanwa. Miyar akwai dunƙule. Shiton, wato soyayyen yajin nan, akwai dunƙule da gishiri da busasshen kifi da jatan lande. Taliya an dafa da gishiri, gandar ta kwana cikin miya, kifin an yi masa gishiri kafin suya. Mutum bai kai azahar ba ya cinye rabonsa na yini. Da dare kuma ga tuwon zafi da miyar ayoyo an jefa momoni, kifin nan mai wari da aka tsuma da gishiri.

Hajiya Mai Waakye: 'Yata, ni shekaru nake wannan sana'a. Ran da na rage magi a miya, kafin in ɗaga kai layi ya koma wajen maƙwabciyata. Mutanen Kumasi harshensu ya saba. Kuma ni ina ganin su: na zuba musu, su ce Hajiya ƙara shito, ƙara romo. Wani har da barbaɗa gishiri a kan dafaffen ƙwai. Laifina ne?

Yaya Hamburg: Hajiya ba laifinki ba ne, amma gaskiya harshe yana sauyawa. Da likita ya hana ni gishiri a nan, makonnin farko abinci ba ya min daɗi ko kaɗan. Bayan kamar wata guda sai na fara jin ɗanɗanon albasa da tumatir da kansu. Da na zo gida hutu aka kawo min koobi, busasshen kifin gishiri, da agada, na kasa gamawa, bakina har zafi yake. Dabarar ita ce a rage a hankali, ba rana ɗaya ba. In kina jefa dunƙule 10 a tukunya, ki mai da shi 9, bayan mako biyu 8. Ba mai ganewa.

Ɗan Tek: Dunƙulen nan kusan rabin nauyinsa gishiri ne, kowane kamfani. Mata da yawa suna cewa ni ba na sa gishiri, magi kawai nake sawa. Duk ɗaya ne. Ga kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: kanwa. Sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri shi ne sodiyam, kuma kanwa cike take da shi. Hodar da wasu ke sawa a madadinta don wake ya yi laushi, ita ma sodiyam ce.

Hajiya Mai Waakye: Yanzu kuma kanwa? To waakye, dafa-dukan shinkafa da wakenmu, ba kanwa ai ya zama shinkafa da wake na makarantar kwana. Karan dafin ma ba ya sakin jan sa sosai sai ya ji kanwa.

Ɗan Tek: Ban ce ki daina ba Hajiya. Ki jiƙa waken tun dare, da safe ki zubar da ruwan, zai nuna da wuri, kanwar da za ki sa ba za ta kai rabin ta da ba. Ɗan abin da ke cikin babbar tukunya in an raba wa mutum 100 ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne masu jiƙa ta su sha don ciwon ciki, da kunun kanwa.

Maman Khalil: Wayyo, kun taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Da na haihu, surukata kullum safe sai ta dama min kunun kanwa kofi babba, ta tsaya a kaina sai na shanye, wai don ruwan nono da ƙarfin jiki. Ga wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma. Ni kuma a cikin nan jinina ya hau, har aka kwantar da ni kafin haihuwa. Ta yaya zan ce wa uwar miji a'a?

Anti Nas: Ƙanwata wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura mata masu jego da yawa na zuwa da kumburin jiki da gazawar zuciya, suka kuma danganta abin da yawan kunun kanwa haɗe da zafin wanka da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Macen da jininta ya hau a ciki, haɗarin bai wuce da haihuwa ba, jijjiga tana iya zuwa bayan an sauka. Kuma ko ya sauka, irinku sun fi saurin kamuwa da hawan jini nan gaba, don haka ki riƙa aunawa ko ba ki da ciki. Game da surukar taki kuwa, ba ke za ki gaya mata ba. Ki sa Baban Khalil ya kawo ta awo tare da ke, mu za mu faɗa mata da bakinmu, cikin girmamawa. A dama kunun gyaɗa ko koko, nono zai zo.

Hajiya Mai Waakye: Wannan kam gaskiya ne, tsohuwa ta fi jin maganar mai farin kaya. To Anti in an cire magi da momoni me ya rage a tukunya?

Anti Nas: Daddawa, Hajiya, wadda ba a cuɗa da gishiri ba. Citta, kanumfari, masoro, tafarnuwa, albasa mai yawa, shi kansa prekesen a miya, kifi mai hayaƙi maimakon mai gishiri. In dole sai kifin gishiri irin koobi ko kako, a jiƙa shi a ruwa a zubar, a sake jiƙawa a zubar, sannan kada a ƙara wani gishiri a tukunyar. A cire gishiri daga kan tabarmar cin abinci gaba ɗaya. Indomie da aka juye wa duk hodar cikin ledar, da sadin na gwangwani, da naman gishiri, su zama na jefi-jefi. A ƙara ganye: kontomire (ganyen gwaza), alayyafo, zogale, ayoyo, kuɓewa, gauta. Ayaba, lemu, kankana, fiya, wake. Waɗannan suna da fotasiyam, shi kuma yana taimaka wa jiki fitar da sodiyam. Duk suna nan a kasuwa, ba sai an je kanti ba.

Yaya Hamburg: A nan akwai wani gishiri da aka rage wa sodiyam aka sa fotasiyam. In turo wa Baba?

Ɗan Tek: Yana aiki. An yi babban gwaji a ƙauyukan Sin, mutum kusan 21,000, aka fitar da sakamako a 2021: shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 ga masu amfani da shi. Amma Yaya ka fara tambaya wane magani Baba ke sha kuma yaya ƙodarsa take. Mai ciwon ƙoda ko mai shan lisinopril ko losartan, fotasiyam na iya taruwa masa a jini har ya rikita bugun zuciya. A gwada jininsa tukuna.

Alhaji Mai Goro: Ni duk wannan na ji. Amma a saninmu tunani ne ke kawo hawan jini. Bashi, kuɗin haya, kuɗin makaranta, kaya su lalace a hanya. Mutumin da hankalinsa ke kwance me zai ɗaga masa jini?

Hajiya Mai Waakye: Ka manta da kishiya, Alhaji. Ku ne kuke kawo mana shi har gida da lefe.

Alhaji Mai Goro: Hajiya a yi haƙuri, yau ba ranar wannan shari'ar ba ce.

Anti Nas: Ɓacin rai yana ɗaga jini a lokacin, kuma damuwar da ta daɗe tana hana barci, tana sa ci barkatai. Amma mutane sun riƙe wannan har ya zama musu hujjar ƙin awo: ni ba ni da damuwa. Akwai gado, in iyaye suna da shi. Akwai shekaru. Akwai ƙiba, musamman ta tumbi, kuma duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke yana rage kusan maki 1. Akwai zama wuri ɗaya, Alhaji, daga shago sai masallaci sai mota. Akwai taba da shisha da giya, da lemukan gwangwani masu hana barci da samarinmu ke sha. Mai minshari mai ƙarfi wanda numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, matarsa ta gaya wa likita, don shi ma yana hana jini sauka.

Tafiya kuwa minti 30 ce a rana, kwana 5 a mako, da saurin da za ka ji numfashinka ya ɗan ƙaru amma kana iya magana. Bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Masu zagaya filin wasa na Baba Yara da safiyar Asabar ba su fi ku lokaci ba.

Alhaji Mai Goro: Goro dai ba a ambace shi ba, alhamdu lillahi.

Ɗan Tek: Yana layi Alhaji. Akwai sinadarin da ke cikin gahawa a cikinsa, yana ɗaga jini na ɗan lokaci. Ɓari ɗaya ba wani abu ba ne ga mai lafiya. Wanda jininsa bai daidaita ba kuma yana tauna daga safe har dare, ga ataya zagaye uku, ya sassauta.

Mai Pragya: To ni tambaya gare ni, ba don kaina ba. Wani abokina a tasha an ba shi ƙwayar BP, bayan ɗan lokaci ya ga harkar iyali ta yi sanyi. Ya ajiye. Wani kuma tari ya hana shi barci, wani ƙafarsa ta kumbura takalmi ya ƙi shiga. In magani ne me ya sa yake kawo wata cutar?

Hajiya Mai Waakye: Allah ya ba abokin naka lafiya. Ka gaishe shi sosai.

Anti Nas: Tambaya ce mai kyau, kuma maza da yawa saboda wannan suke ajiyewa a ɓoye, ba sa faɗa. Duk ukun suna faruwa. Busasshen tari yawanci lisinopril ne, ana canza shi da losartan ya wuce. Kumburin idon sawu amlodipine ne ko nifedipine, ana rage shi ko a haɗa da wani. Raunin namiji wasu magungunan suna kawo shi, irin su bendro da atenolol, ana kuma canzawa. Amma ka gaya wa abokinka, shi kansa hawan jinin da aka bari ba magani yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini wurin. Ya ajiye ƙwaya don ya tsira da abu ɗaya, cutar za ta zo ta ɗauke shi gaba ɗaya. Sannan kada ya je ya haɗa da maganin ƙarfin maza na kwalba da ba a san abin da ke ciki ba. Ya koma ya faɗa wa likita ƙarara, ba abin da kunnenmu bai ji ba. Magungunan nan na yau da kullum suna cikin jerin da katin inshorar lafiya ke biya, in katin bai mutu ba.

Ɗan Tek: Kuma ba a kan Turawa kaɗai aka gwada su ba, kamar yadda mai muryar ke cewa. A 2019 an fitar da sakamakon gwajin da ake kira CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6. An ga haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Shi ya sa in an ba mutum ƙwaya iri 2 ba yana nufin ciwonsa ya yi tsanani ba, yawancin mutane sai da 2 jinin ke daidaita.

Malam Liman: Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga sama. Abu biyu zan ƙara. Hadisi ya tabbata a Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma ba a ce sai wanda ya fito daga daji ba. Wanda ya ajiye magani ya ce tawakkali yake yi, bai fahimci tawakkali ba. Na biyu, hadisin Tirmizi da ya ce kashi ɗaya cikin uku na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi. Mu duba yadda muke yi a walimar suna da biki, da kuma buɗa-baki. Tambayata ga Anti: in azumi ya zo, mutane da yawa suna ajiye ƙwayar wata guda cur. Yaya ya kamata?

Anti Nas: Allah shi gafarta Malam. Yawancin magungunan sau ɗaya ake sha a yini, sai a mai da shi lokacin buɗa-baki ko sahur, ba a fasa ba. Mai sa fitsari an fi so a sha da buɗa-baki, don kada mutum ya yini jikinsa ba ruwa. A je asibiti tun cikin Sha'aban a tsara. Wanda jininsa ya ƙi sauka, ko mai ciwon ƙoda ko zuciya, likita ne zai ce ko zai iya azumin, hukuncin kuma wajenku yake.

Malam Liman: Mara lafiya Allah ya riga ya yi masa rangwame a cikin Suratul Baƙara. Zan yi huɗuba a kai in sha Allahu.

Yaya Hamburg: Na aika wa Baba injin awo, amma kullum lambar daban. Da safe 150, an jima 170, sai ya ce injin ƙarya yake yi ya jefa shi ƙarƙashin gado.

Anti Nas: Na san yadda dattawanmu ke yi. Ya dawo daga masallaci yana haki, goro a baki, ya zauna bakin gado ya harɗe ƙafa, ya ɗaura abin a kan hannun babbar riga, yana yi wa jika faɗa injin na aiki. Dole lamba ta yi tsalle. Ya fara yin fitsari, ya zauna a kujera mai jingina minti 5 shiru, tafin ƙafa biyu a ƙasa, dantse tsirara a ɗora kan tebur daidai ƙirji. Ba goro, ba shayi, ba taba minti 30 kafin nan. Ya auna sau 2, minti 1 tsakani, safe kafin shan magani da kuma dare, kwana 7, wani yaro ya rubuta a littafi a kai wa likita. A gida in matsakaicin ya kai 135 bisa 85 ya hau. A duba maɗaurin kuma, in ya yi wa mai kaurin dantse kaɗan zai nuna lamba sama da gaskiya. Na dantse ya fi na wuyan hannu.

Maman Khalil: In aka ga ya hau sosai fa? Maƙwabcinmu da bakinsa ya karkace, sai aka yi ta ɗura masa ruwan tafarnuwa ana shafa masa man zafi, wai iska ce ta buge shi. Sai washegari aka kai shi Gee, wato asibitin Komfo Anokye.

Anti Nas: Inna lillahi. In lamba ta kai 180 bisa 120, a huta a sake aunawa, in tana nan a tafi asibiti ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ba jira ko na minti ɗaya. Kada a ɗura masa komai, ko ruwa, ko rubutu, don maƙogwaron ba ya haɗiya daidai, huhu zai tafi. A kwantar da shi ta gefe, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a kira 112 ko a sa shi a mota zuwa Komfo Anokye. Addu'a a yi ta a hanya.

Ɗan Tek: Akwai binciken da aka yi a kanmu, sunansa SIREN, a asibitocin Gana da Najeriya, har da Kumasi da Kano da Zariya, aka wallafa a 2018. An kwatanta masu shanyewar jiki fiye da 2,000 da waɗanda ba su da ita. Kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin ya koma kan hawan jini. A ciki kuma an ga masu cin ganye kullum sun fi tsira, masu ƙara gishiri bayan an zuba abinci sun fi faɗawa.

Mai Pragya: Ni har yanzu ban yarda mutum ya sha ƙwaya har abada ba. In na rage gishiri na yi tafiyar na sauke tumbin fa?

Anti Nas: Akwai waɗanda likita ke rage wa magani, har da 'yan kaɗan da ake dakatar wa ana bibiyar su, in hawan bai yi nisa ba kuma sun sauya rayuwa da gaske. Littafin awo ne zai yanke wannan, ba yadda kake ji a jikinka ba. Kai ka taɓa aunawa ma kuwa?

Mai Pragya: Abokina dai ya auna.

Alhaji Mai Goro: To Malam, tunda za ka yi huɗuba, me zai hana a ajiye tebur a harabar masallaci bayan sallar Juma'a? Ni zan kawo kujeru da rumfa. Anti za ki samu zuwa?

Anti Nas: Wannan Juma'ar ina aikin rana, ta sama in sha Allahu. Zan zo da abokiyar aikina don mata su samu nasu teburin daban. Ɗan Tek ka taho da abokan karatunka biyu masu rubutu. Duk mai shan magani ya zo da kwalinsa, har da na gargajiyar, mu ga abin da ake haɗawa. A kuma zo da katin inshora a duba ko yana aiki.

Hajiya Mai Waakye: A nemo mai babban maɗauri saboda irinmu. Tukunyar Asabar kuma zan rage dunƙule ɗaya in ƙara daddawa. In ciniki ya faɗi, Ɗan Tek, kai za ka saye ragowar.

Ɗan Tek: Na yarda Hajiya, amma ba shito.

Yaya Hamburg: Alhaji a turo min lambar da zan sa kuɗin batir da ruwan sha. Kuma wani ya biya ta Sawaba ya ɗauko Baba, in an bar shi ba zai zo da kansa ba.